Kin Rage Attaruhu, Adaugo

Adaugo, ruwan randata a tsakar rana, inuwar darbejiyata, farin watan da ke leƙo ni ta saman rufin Fagge,

Ni ne Gidiyon, kuma wallahi raina a ɓace nake wannan rubutu.

Kin tuna ranar da na fara zama a bencin shagon abincin Mama a Sabon Gari? Kafin ki sauke tukunya kika ɗiga min farfesu a tafin hannu, wai in ɗanɗana. Na lasa, hawaye ya ɓalle, hanci ya tsinke, kika yi ta dariya har ludayi ya suɓuce miki. Tun daga ranar ɗanɗana tukunyarki ya zama aikina. In na gama sauke dilolin atamfa a kasuwar Kwari, ƙafata ba ta san wata hanya ba sai taki.

To ranar Asabar me idona ya gane min? Daniel, ɗan bankin nan mai ɗaure wuya da taye a wannan zafin, ya miƙa hannu, kin ɗiga masa! Ya lumshe ido kamar mage ta samu madara, ya ce wai piquant. Ke kuma har da sa shi ya maimaita, kina masa murmushin da na ɗauka nawa ne ni kaɗai. Haba, Adaugo!

Ban je jami'a ba, amma duk takardar da ta shigo hannuna sai na karance ta. Na binciko kalmar tasa. Ashe ɗanɗano ne mai ɗan yaji-yaji, mai tsikarar harshe ya buɗe wa mutum ciki, amma ba ya ƙuna. Turawa kan faɗe ta ga miyar da ta ɗan mintsine su ta sake su. Ɗan yaji-yaji! Farfesunki? Farfesun da ke sa ƙato ya cire hula ya nemi fanka?

Da a kalmar aka tsaya, da na haɗiye. Amma jiya na ci abincinki ban yi gumi ba. Ko ɗigo. Kin rage attaruhu. Kada ki ce Mama ce, na san hannunki. Ya kawo kalma, ke kuma kin lanƙwasa tukunya ta dace da ita. In yau an rage yaji saboda shi, gobe wa za a rage? Ba ni ba?

Ya furen zuciyata, ki ƙona ni kamar da. Na fi son in yi kuka a gabanki da in ci lami a gefensa.

Ga ledar attaruhu nan na haɗo da wasiƙar, ni na zaɓe shi ɗaya-ɗaya, jajaye masu faɗa. In kin zuba shi a tukunyar Lahadi, na ji amsata. In kuma kin dawo min da shi, ba sai kin ce komai ba.

Ko wanne kika zaɓa, bakina ba zai saba da girkin wata ba har ƙasa ta rufe min ido.

Naki, mai fushi da ke, mai mutuwar son ki,
Gidiyon