Tsutsar wake ta daina jin magani

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin Inna? Mu nan Kore Mairuwa da sauƙi.

Waken bana ya lalace. Sau uku na fesa maganin nan namu na kullum, tsutsa ko gezau. Na ɗauka jabu aka sayar mini. Malamin gona ya ce a'a, duk shekara maganin na kashe masu rauni, masu juriya su tsira su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji juriyar. Jikokinsu ne suka cinye gonata.

Ashe duk wahalar nan iri nake zaɓar musu, yadda Baba yake ware zangarniyar hatsi mai kyau. Wallahi na gaji.

A sa mu a addu'a, a gaida yara. Bana kada ka jira buhun wake.

Ƙaninka Mamman