Hoton Innarku a Jikin Tallan Magani

Zuwa ga autata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya tsare ku, ya raya 'yan biyu. Mu nan lafiya lau, in ban da ciwon bayan da ya zama abokin zamana. Yayanki ya gyara rufin ɗakin tsakiya. Gwaggonki ta zo ta kwana biyu tana faɗa da kowa, kin ga ita ma ta samu sauƙi ke nan. Za ki yi mamakin takarda alhali ga waya a aljihuna. Maganar ce ba na son faɗa ta cikin abin da ya jawo ta.

Kin san hoton Innarku wanda take dariya. Shekarar da kika gama makaranta na ja ta shagon mai hoto da ƙyar. Ta zauna ta ɗaure fuska, mai hoto yana ta roƙon ta ɗaga kai. Na ce mata in ba ta saki rai ba, duk wanda ya gani zai ɗauka sato ta na yi. Ta tuntsire da dariya har wushiryarta ta fito, shi kuwa ya danna. Guda ɗaya aka wanke. Ta hana a rataye shi a falo, wai baƙi ba haƙoranta suka zo gani ba, ta sa shi a ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa. Bayan rasuwarta kika tafi da shi, ban hana ki ba. Da kika ɗora shi a shafinki na intanet mutane suna ta addu'a, raina bai so ba, amma na ƙyale ki.

Makon jiya Dogo ya kira ni, abokin aikina na ofishin tarho, wanda muka daɗe ba mu ji ɗuriyar juna ba. Murna yake yi, wai ya ga Innarku ta warke, in ba ta wayar su gaisa. Ya gan ta a talla cikin wayarsa, tana dariya kusa da wata kwalba, an rubuta da bakinta cewa ciwon suga ya wahalar da ita sai wannan magani ya raba su. Ya ce shi ma ciwon yake fama da shi, har ya saya ya ajiye ƙwayoyin asibiti, don ya san matar nan ba ta ƙarya. Auta, sai da na nemi wurin zama kafin na iya gaya masa cewa ciwon nan ne ya kai ta kabari. Na sa shi ya yi min alkawarin komawa asibiti.

Ni da Dogo rantsuwa muka yi kafin a ba mu kujera a gaban allon haɗa waya. Mun ji saki, mun ji rasuwa kafin masu ita su ji, ba mu taɓa kai ko kalma ɗaya gida ba. Innarku takan ce da ni tulu mai murfi. Karatun da muka sha wahala a kai, na'ura ta zo ta share shi rana ɗaya, aka sallame mu da takardar yabo. Yau ga abin da ya gaje mu, wayar hannu: ka yi tari kusa da shi, ya fara nuna maka maganin tari.

Na je wurin mai gyaran waya na bakin titi. Ya ce shafinki a buɗe yake ga kowa, daga nan masu tallan suka kwashe hoton, kuma in an kai ƙara an rufe musu shafi ɗaya sai su buɗe wani. Tun da na nemo tallan, kullum sai ya biyo ni. Mai gyaran ya nuna min inda zan danna kada in sake ganinsa. Na ɗora yatsa na kasa. Ba ni da wani hotonta, sai wannan da ɓarayi ke nuna min, ina kallon dariyarta ina rufe kwalbar da babban yatsana.

Ba faɗa nake miki ba, na san kewa ce ta sa ki. Ki sauke hoton daga shafinki, ki rufe shi, ke da maigidanki ku yi ta kai ƙara har su gaji. Ki rubuta a fili cewa ta rasu kuma ba ta taɓa shan maganin nan ba, saboda irin su Dogo. Sannan ainihin hoton na takarda, ki sa shi a ambulan mai kauri ki aiko. Ranar da ya iso zan danna wancan wuri. Akwatin yana nan, zannuwan ma ban taɓa su ba.

Ki gaida maigidanki da surukarki, ki shafa min kan 'yan biyu. Yayanki da matarsa da gwaggonki suna gaisuwa. Allah ya yi miki albarka. Ki dawo min da Innarku gida.

Ni ne mahaifinki.