Na sa wa motar kakanmu kayan tsere, yanzu ba ta jure tafiya a hankali

Assalamu alaikum ƴan gida. Admin ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara kafin Asabar.

Ni ɗan Dakoro ne, kuma tun ina ƙarami mota ke cikin kaina. Ba wanda ya koya mani, a waya nake kallo in kwance in ɗaura. Gidanmu akwai tsohuwar motar Amurka mai otomatik, marigayi kakanmu ya saye ta farkon samun ƴancin kai, lokacin yana fataucin gyaɗa tsakanin Maraɗi da Kano. Kawuna Alhaji ya ba ni makullinta bara, ya ce in riƙa kula da ita saboda Hajiya kakarmu, ba ta shiga wata mota sai ita.

To akwai wani abu tsakanin inji da buwat, wato akwatin giya, ana ce masa kwanbatisa, kamar ƙwarya biyu aka kife cike da mai, shi ke aikin ambiriyaj, wato kuloci, a otomatik. Irin na motar tsere ba ya kamawa sai inji ya hau sosai, sai motar ta zabura. Wani abokina mai kawo motoci daga Kwatano ya samo mani, na sa ba tare da na tambayi kowa ba. Wallahi ranar da na gwada ta bisa gudron, kwaltar hanyar Sabon Maci, sai da bayana ya manne da kujera, na dawo ina dariya ni kaɗai.

Abin da ban lissafa ba, Hajiya ba ta yarda a yi gudu. Tafiyar raƙumi take so, tana gaisawa da mutane ta taga. Shi kuwa wanga kwanbatisa a hankali sulɓewa yake, inji na ruri motar na jan ƙafa, mai na tafasa. Juma'ar da ta wuce cikin rairayin unguwarmu ta fara warin ƙuna. Hajiya ta ce ɗan nan me ka yi wa motar mijina take gunji haka, na ce zafin rana ne. Ta ce shekara nawa tana shan rana ba ta yi gunji ba. Da na duba man buwat ya yi baƙi.

Kawu ya kira ni ya tambaya ko na taɓa wani abu, na ce a'a. Ya ce ya yarda da ni, abin da ya fi damuna ke nan.

Za ku ce in maida tsohon. Na ba maƙerin bayan kasuwa tuntuni, na je jiya na tarar ya raba shi biyu ya yi murhun shayi. Har ya ce yana riƙe garwashi da kyau.

Asabar ɗin nan akwai suna a Birnin Lalle, Hajiya ta riga ta ce ni zan kai ta, hanya kuma yashi. In buwat ta ƙone irinta babu a Maraɗi. Tun jiya na kasa zama waje ɗaya, in buɗe motar in rufe.

Masu sani, in na ƙara mata radiyatan mai na sake mai, za ta kai ta dawo? Ko in je in durƙusa gaban Kawu in faɗi gaskiya, ko da zai karɓe makullin? In faɗar ce, wa zan fara samu, shi ko Hajiya?