Goggo Ta Danna Gida

Litinin

Zuwa ga Yayana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Baba da Inna. Ya ƙafar Baba, ta sake shi? Ya shago, ya fama da masu tayin siminti? Ni da Goggo muna nan lau, tana gaishe ka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Direba mai motar garinmu. In na kira ka, Baba yana gefenka a kan bencin nan, kuma ka san kunnensa ya fi na kowa kaifi idan maganata ce.

Saƙonsa ya iso. Ƙarshen wata, in ban samu aiki ba, in tattara in dawo shago in riƙa auna wa mutane ƙusa. Na duba kalanda, saura kwana ashirin da ɗaya. Tun da na duba zama ya gagare ni. In tashi, in leƙa taga, in dawo, in buɗe kwamfutar nan da ka ba ni, in rufe. Goggo ta ce in na ci gaba da sintiri zan huda mata leda.

Akwai wani ƙaramin kamfani da ke yi wa asibitoci manhajar waya, suna neman sabon hannu mutum ɗaya. Ba ruwansu da takardar makaranta. Fotfoliyo suke so, wato kundin ayyukan da mutum ya yi da hannunsa, su duba su ga yadda kansa yake ja. Juma'a ta sama za su rufe karɓa.

Don Allah ka ƙara yi wa Baba bayanin aikin nan. Ni ce mai tsara fuskar manhaja: ina maɓalli zai zauna, wace kalma za a rubuta a kansa, ta yaya mutum zai samu abin da ya zo nema ba sai ya kira ɗansa ya taya shi ba. Ko da yake me zan ce da Baba, Goggo da nake kwana a ɗakinta ta gaya wa maƙwabta wai zane nake koyo. Shekaranjiya sai ga maƙwabciyarmu Mai Ɗinki da atamfa uku, wai in zaɓa mata wadda ba ta zuba. Na zaɓa mata, ya zan yi.

Na haɗa ayyuka uku, manhajar sayar da takalma, ta odar furanni, da ta kama ɗakin otal. Kyau kam ba a magana. Na kai wa matar da ke duba mana aiki a cibiyar da na yi koyo, Mai Jan Biro muke ce mata. Ko minti biyar ba ta yi ba ta ɗago ta tambaye ni wa na taɓa gani da idona yana odar furanni. Ta tambaye ni mutum nawa suka taɓa aikin da yatsansu. Babu ko ɗaya. Ta ce to kwalliya na yi, kuma masu ɗauka sun ga irinta ɗari. In je in nemo mai matsala ta gaske, in yi masa abu, in miƙa masa, in rufe bakina in kalle shi.

Wallahi Yaya na ji haushi. Na fito ina tafe ina cizon yatsa har na wuce tashar motarmu ban sani ba. Da na iso sai na tarar da Goggo ta zazzage jakar magungunanta a kan gado, ta manta ko ta sha na hawan jini, katin asibiti kuma ya yi layar zana. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta. Ashe mai matsalar a ɗakinta nake kwana.

Ka gaishe da Inna a kunne. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta


Asabar

Yayana,

Bayan gaisuwa, ina fatan takardata ta same ku lafiya. Na ji an ce an kawo muku sabon kaya, Allah ya kawo kasuwa. Ya Baba, ya Inna?

Na gama samfurin farko, kwana huɗu ban ko taje kai ba. Manhaja ce ta tsofaffi, ta tuna musu lokacin magani da ranar komawa asibiti. Haruffa manya, launi biyu kacal. A ƙasa na zana ɗan ƙaramin gida na rubuta Gida. Kowace manhaja tana da shi, in ka danna sai ya mayar da kai shafin farko. Haka aka koya mana, ban ko yi tunani a kansa ba.

Yau da hantsi na sa samfurin a wayata na gwada da mutum biyar: Goggo, Mai Ɗinki da mijinta, tsohon maigadin gidanmu, da wata dattijuwa daga bene na sama. Na ɗauko littafi da biro kamar wata likita.

Goggo ce ta farko. Na ce ta nemo min lokacin maganinta na gaba. Tsaf ta nemo, har da yi min kallon me kika ɗauke ni. Daga nan sai ta danna Gida, ta kara wayar a kunne. Ta jira. Ta sauke ta duba, ta ga shafin farko, ta sake dannawa ta sake karawa. Ina ja mata layi a littafi, sau bakwai Yaya. An ce in rufe bakina, ban iya ba. Na ce mata ba haka ake yi ba, wannan ba kira ba ne, da wata murya da ko yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. Sai ta ce idonta ya gaji, kan tsofaffi ba na waɗannan abubuwan ba ne. Ta tashi ta hau ninke kayan da tun jiya a ninke suke.

Sauran ba su ba ni wahala ba, sai maigadi da ya tambaya ko maɓallin hanyar gida yake nunawa in mutum ya ɓata. Na rubuta a littafi cewa tsofaffi ba su gane ba.

Ga abin da na yanke, kuma kada ka yi min wa'azi. Zan cire na Goggo daga bayanin da zan tura wa kamfanin, in rubuta waɗanda suka yi daidai kawai. Wa zai ɗauki mutumin da ya fara da nuna aikinsa bai yi ba? Saura kwana shida a rufe. Abinci ma a tsaye nake cinsa.

Taka,
Auta


Laraba

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaishe da su Baba. Amma yau gaisuwata gajera ce, don ina da magana da kai.

Na kai wa Mai Jan Biro bayanin da na gyara. Ba shi ta karanta ba, littafina ta janyo, ta sa biro a kan layukan nan bakwai ta tambaye ni na mene ne. Na faɗa mata. Ta ce to me tsohuwar take jira ta ji a kunnenta? Ta ce mutum ba ya danna abu sau bakwai don bai gane ba, ya gane wani abu ne da ni ban gane ba. Ta tura min littafin ta ce in koma in tambaya.

Na tambaya jiya da la'asar, Goggo tana yi min kitso, don na san a lokacin ba sai mun haɗa ido ba. Ta tsaga layi ta kama kitsawa. Can ta ce ita ta zaci tunda ina da ilimin abin, gida na saka mata a ciki. Ta danna, ya yi ƙara a can wurin Baba. Kuma tunda waya ce ta kira ba ita ba, ba mai cewa ta zubar da girmanta ta nemi ƙanenta.

Yaya, ashe tun ranar da Goggo ta karɓe ni bayan Baba ya ce ba zan zo ba, bai ƙara kiranta ba? Wata takwas! Ita da ta goya shi bayan rasuwar Kaka. Duk sanda take ce min Babanki yana gaishe ki, ashe daga bakinta gaisuwar ta fara, a bakinta ta ƙare. Kai ka sani, na san ka sani, kuma ka bar ni ina ta zanen furanni. Na yi fushi da kai, amma na fi fushi da kaina. Ni kullum tunanina yadda zan tsere wa gida, ita kuma tana gefena tana danna shi, har na ɗaga mata murya. Na yi kuka, ta ce in daina motsi kar kitson ya karkace.

Na gyara aikin. Maɓallin komawa shafin farko yanzu sunansa Farko, babu zanen gida. Gida kuma na mayar da shi abin da ta ce: mutum ya zaɓi wani nasa, in ya danna a kira shi. Ashe duk suna so. Dattijuwar sama ta ce ranar da jiri ya kwashe ta a layin asibiti abin da ta nema ke nan ta rasa. Na sake gwadawa da su biyar yau, ba wanda ya tambaye ni komai.

Na watsar da takalma da furanni da otal. Aiki ɗaya zan tura, kuma shafinsa na farko hoton littafina ne da layukan bakwai, da jimlar nan tawa ta rashin kunya cewa tsofaffi ba su gane ba. A ƙasa na bayyana wanda bai gane ba. Na nemi izinin Goggo. Ta ce ban da fuskarta, hannunta kawai, shi ma sai da ta sa zobe.

Jibi zan tura. Wasu za su kai aiki biyar ni ina kai kuskure ɗaya.

Ƙanwarka da ba ta huce ba tukuna,
Auta


Alhamis

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na ga amsarka, na huce. Na san tsakanin Baba da Goggo ba wurin da za ka sa baki ba ne.

Sun kira ni ganawa ranar Talata. Mutum uku a bayan dogon teburi, fanka tana kaɗa takarduna ina dannewa da gwiwar hannu. Ɗaya ya tambayi dalilin da ya sa aiki ɗaya tal. Na ce shi ne kawai wanda mutane suka taɓa. Babbarsu ta karɓi wayar ta yi ta dube-dube, ta danna Gida, ta tambaye ni lambar wa ke bayansa. Na ce samfuri ne, ba kowa tukuna. Ta rubuta wani abu, ban ga ko mene ne ba. Suka ce za su neme ni.

Yau kwana biyu shiru. Wayata ko banɗaki da ita nake shiga. Saura kwana huɗu wata ya ƙare, na sauko da akwati na zuba rabin kayana, Goggo ta bi bayana ta fitar da su.

Ko sun ɗauke ni ko ba su ɗauke ni ba, akwai abin da ba zan tafi in bari ba. Wani abokin koyona mai rubuta manhaja ya haɗa min maɓallin ya zama na gaske a wayar Goggo, lambarka na sa. Ranar Lahadi da hantsi ka ajiye wayarka a kan benci kusa da Baba, ka shige sito ka nemi abin yi. Ka san ba ya iya jin waya tana ƙara ya ƙyale ta. Don girman Allah kada ka fito da wuri.

Taka,
Auta


Litinin

Yayana,

Sallama. Ina fatan kun tashi lafiya. Sannu da zaman sito, an ce har ka fito da farin siminti a gashin ido.

Sun ɗauke ni. Saƙon ya shigo ranar Asabar da yamma, gwajin wata uku, gobe zan fara. Na karanta sau ba adadi, na zaga ɗakin, na fita tsakar gida ba takalmi. Ban gaya maka ba don ina so Baba ya fara ji daga bakina.

Kai kana sito, bari in ba ka na nan ɓangaren. Na miƙa wa Goggo wayarta na koma bakin gado. Ta goge hannunta a zane, ta danna, ta kara a kunne. Wannan karon na rufe bakina na kalle ta. Har inda nake na jiyo sallamar Baba. Goggo ta gyara murya ta ce masa ita fa ba ta kira kowa ba, wannan abin na Auta ne ya kira da kansa. Sai na ji ta tambaye shi ƙafa. Daga nan suka ɓarke, ƙafa, man zafi, rufin ɗakin Kaka da ke yoyo, kusan awa guda. Tana yi tana share ido da gefen mayafi tana yi masa faɗan ba ya jin magana tun yana yaro.

Da ta miƙo min na gaishe shi na faɗa masa an ɗauke ni. Ya ce to, Allah ya sa albarka, kar in riƙa makara. Na zaci shi ke nan. Sai ya yi gyaran murya ya tambaye ni ko irin tasa wayar tana ɗaukar wannan maɓallin, don shi ma idonsa ba ya ganin lambobi yanzu.

Ka ba Direba wayar Baba ranar Laraba, zan mayar da ita Alhamis. Matsala ɗaya na samu, kalmar da zan rubuta a kai. Gida ba zai yi ba tunda shi yana gida. Wannan karon ban yi gaban kaina ba, na tambayi Goggo. Ta ce wannan ma abin tambaya ne? In rubuta masa Yaya, yadda yake kiranta, da manyan haruffa.

Ƙanwarka,
Auta