Ƙwanƙwasar da babu a faifai

Laraba, bayan isha'i. Dengfeng, ƙasar Caina.

Faifai biyu ke gabana, duka na waƙoƙin rok ɗin nan na Turawa da muka taso muna ji a kaset a Fagge. Kowanne an sake tace sautinsa. A bugun Japan ganga ta fi fitowa, a na Turai kuwa jita har cizon kunne take. Amma a waƙa ta biyu, inda jita ke yin shiru, akwai wata ƙwanƙwasa da na sani tun ina yaro, kuma babu ita a ko ɗaya.

Na koma shago na ce wa lawban, wato mai shagon, jabu ya sayar mini. Ya saurara, ya ce, "Meyo," wato babu. Na ce masa da kunnen nan nake zaɓar sifikun da nake cika kwantena da su, ba a yi mini gardamar sauti.

Da yamma na kira Yaya Sabo a Kano. Ya yi ta dariya. "Alhajin Caina, ka manta rediyo biyu muka haɗa baki da baki muka ɗauka? Baba ne ya buga ƙofa, wai mu rage kiɗan."

To, gobe sai in ba lawban haƙuri. Ko me kuma ke cikin kaset ɗin nan na gidanmu da nake zaton na Turawa ne?

Na sake sa na Japan. Da aka zo wurin, na ƙwanƙwasa tebur, sai waƙar ta cika. Allah ya jiƙan Baba.