Bugu Ɗaya, Akuya Ɗaya

Zuwa ga yayata Teh Euis,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar tsohuwarmu? Ya akuyata da na bar miki kiwo?

Teh, an zalunce ni.

Kin san ran Litinin masu kuɗi ba sa zuwa filin golf, sai a bar mu masu yankan ciyawa mu buga da tsofaffin sanduna. Jiya mu huɗu muka fita: ni da abokaina Cecep da Dudung, da shugabanmu Mang Oman. A rami na bakwai, wanda tudu ya kare shi daga inda ake bugu, na zage na zabga wa ƙwallo sanda. Muka haura tudun, ba ƙwallo. Dudung ya leƙa ramin, sai ga ta a ciki. Bugu ɗaya, Teh! Wanda ya yi haka, sunansa ake rubutawa da fenti a allon rumfar cin abincinmu.

Maimakon su rungume ni, sai Cecep ya faɗi ƙasa yana dariya. "Kai ɗan banza, ba kai ka yanke ciyawar nan da asuba ba? Tun lokacin ka ajiye ta!" Dudung ya ce, "Bara sai da ka yi gudu, bana ka waye."

Mang Oman ya ce, "Me aka yi bara?" Dudung ya juya yana tattara sanduna.

To, gara ki ji daga bakina. Bara na riga kowa haura tudun, na tsinci ƙwallon Mang Oman a ciyawa, na jefa a ramin. Wasa ne. Ina na san tsohon zai fashe da kuka, ya yanka akuya, ya kawo jikokinsa su ga sunansa a allo? Amma tawa ta gaske ce! Yau har masu shara tambayata suke ko na ajiye musu tasu.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki da aka cuta,
Engkus

Zuwa ga Teh Euis,

Sallama a gare ki, da fatan kowa lafiya. Akuyar tana cin ganyen rogo sosai?

Ran Juma'a, muna cin shinkafa a rumfa, Mang Oman ya tsaya a kaina. Ya ce, "Engkus, ka zauna gaban malamai, ka san nauyin rantsuwa. Tawa ta bara ta shiga da kanta?"

Na ajiye lomar da ke hannuna. Cecep yana ƙifta mini ido in ce e. Ban iya ba. Na ce, "Mang, ni na saka ta."

"Taka fa?"

Na ce wallahi ita ta kai kanta.

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Wuƙar yankan ciyawa ya ɗauka, ya kankare sunansa daga allon a gaban kowa, ya buɗe gwangwanin fenti ya rubuta nawa a gurbin. Ya ce wanda ya faɗi gaskiya a ta farkon ba zai yi ƙarya a ta biyun ba. Hawaye ya zo mini, Teh, kada ki gaya wa kowa.

Yana goge hannu sai ya ce, "Al'ada dai kowa ya san ta. Ran Litinin tsire."

Su Cecep, waɗanda suka ƙaryata ni, su suka fi kowa tafi. Dudung har ya fara feƙe tsinke!

Saboda haka ki ɗora akuyar a motar kayan lambu ran Lahadi. Kada ki bari yara su yi mata ban kwana, ba zan iya jin labarin ba.

Ƙaninki mai suna a allo,
Engkus