Hannun da Anka Ƙi Karɓa a Kan Ciwon Saratu

Zuwa ga Mai Girma Shugaba mai kula da asibitocin gwamnati na yankinmu, Wurno, Rabah da Goronyo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ranka ya daɗe kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya taimake ka a kan wanga nauyi da anka ɗora maka.

Sunana Umaru. Malamin firamare ne ni da na yi ritaya, yanzu ina noman albasa da shinkafa a fadamar da ke ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo. Na rubuto wagga wasiƙa a fili, amma ba don in tozarta kowa ba. Shi ya sa ban sa sunan asibitin da abin ya faru ba, ban kuma sa sunan likita ko na wani ma'aikaci ba. Duk suna cikin takardar ƙorafin da na miƙa da hannuna wata biyu da sunka wuce, wadda har yau ban ji amsarta ba.

Maganar a kan Saratu ce, ɗiyar ƙanwata Hauwa'u. Uwar ta rasu ta bar ta tana da shekara uku. Ubanta Garba masunci ne, mai bin ruwa duk inda kifi yake. Bayan sadakar arba'in shi da kansa ya ɗauko ta ya kawo gidana, ya ce in riƙe ta, ya tafi ƙasar Yawuri. Can ya sake aure, can yake har yau. Ba mugun mutum ba ne. Shekarar da ruwa ya yi albarka yakan aiko da busasshen kifi da turmin atamfa. Amma shekara goma sha huɗu ke nan a gidana take kwana take tashi. Ni na sa ta makaranta, matata ta yi jinyar ƙyandarta, ni ke zuwa idan anka kira taron iyaye. Baba take ce mini. Lokacin da abin nan ya faru shekarunta goma sha bakwai da wata bakwai, tana tsakiyar jarrabawar kammala sakandare.

Wata ranar Litinin ta dawo daga jarrabawa tana riƙe da ciki. Mun ɗauka ciwon ciki ne irin wanda anka saba. Da safiyar Talata ta fara amai, jiki ya yi zafi, ba ta iya miƙewa sosai. Na ɗora ta a babur, matata ta riƙe ta ta baya, munka isa asibiti wajen ƙarfe goma. Likita ya danna gefen dama na cikinta, ta yi ƙara. Ya ce afendis ne, wato ɗan guntun hanjin nan da ke kumbura, kuma aiki za a yi mata a cire shi a ranar. Ya ce akwai wuta, akwai kayan aiki, mai yin allurar barci ma yana nan. Sai anka kawo takardar amincewa.

Na ɗauki biro ke nan, ma'aikacin da ya kawo takardar ya tambaye ni, "Malam, kai ne mahaifinta?" Na ce a'a, ni kawunta ne, ni ke riƙonta tun tana shekara uku. Ya janye takardar daga gabana. Ya ce umarnin da anka ba su shi ne, duk wanda bai cika shekara goma sha takwas ba, sai uba ko baffa ya sa masa hannu, kawu ba waliyyi ba ne. Na ce Garba ba shi da ɗan'uwa namiji a raye. Ya ce to sai uban.

Saratu na kwance tana jin mu. Ta ce, "Ku ba ni in sa da kaina. Cikina ne, na ji abin da likita yac ce, kuma na yarda." Ma'aikacin ya duba katinta ya ce mata saura wata biyar.

Na koma wurin likita. Ya saurare ni har na ƙare, bai ɗaga mini murya ba. Ya ce a baya an taɓa yi wa wani yaro aiki da sa hannun wani dangi, yaron bai tashi ba, uban ya zo ya kai su ƙara, ma'aikata biyu sunka sha wahala. Tun ran nan anka kafa musu wanga sharaɗi, shi kuma ba zai tsallake shi ba. Na ce to in wuce da ita Sakkwato. Ya ce can ma abin da za su tambaya ke nan, ga hanya za ta jijjiga ta. Na yarda da maganarsa. Wannan yarda laifina ce, ina faɗa da bakina.

Anka sa mata ƙarin ruwa da allurai, ni kuwa na shiga neman Garba. Wayarsa ba ta shiga, domin tsibirin da suke kamun kifi babu sabis. Da ƙyar na samu lambar wani mai sayen kifi a kasuwar Yawuri, ya yi alkawarin ba masu kwalekwale sallahu. Talata ta wuce a haka.

Da safiyar Laraba Saratu ta ce ciwon ya sake ta, har ta nemi kunu. Ni da matata munka yi hamdala. Wata nas Kirista, 'yar ƙasar Zuru, wadda tun ranar Talata take kai da kawowa a kanta, ita ba ta yi murna ba. Ta taɓa cikin, ta tafi da sauri ta kira likita. Kafin azahar cikin ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya dawo fiye da na da.

Bayan azahar Garba ya kira. Na miƙa wa likita wayar. Ina tsaye ina jin muryarsa yana cewa, "Mi kuke jira? Ai Malam Umaru shi ne ubanta. Ku yi mata aiki." Nan take anka dawo mini da takardar, na sa hannu. Amma da likita ya sake dubawa sai ya ce abin ya riga ya fashe, ya fi ƙarfin kayan da suke da su, sai Sakkwato.

A babban asibitin da munka je a Sakkwato an tambaye ni ko ni wane ne. Na faɗa musu abin da na faɗa ranar Talata, ban ƙara ban rage ba. Sunka ba ni takarda na sa hannu. Likitan ya tsaya ya yi wa Saratu bayanin abin da za a yi mata, ya ce ita ma ta sa nata a ƙarƙashin nawa. Kafin la'asar sakaliya an shiga da ita. Ta rayu, alhamdu lillahi. Ta yi kwana ashirin da uku a kwance, ɗinkin ya yi ruwa sai da anka sake shi, kuma darussa huɗu na jarrabawa sun wuce ta. 'Yan ajinsu sun karɓi sakamako, ita sai baɗi. An kuma ce mu riƙa lura da ita, domin irin wanga ciwo yakan bar matsala a ciki daga baya.

Abin da ya faru ke nan. Ga abin da nike son ranka ya daɗe ya duba.

Na ɗaya. Asibitoci biyu ne, duk na gwamnati, a jiha ɗaya. Ɗaya ya ƙi hannuna, ɗaya ya karɓa a tsakanin kwana guda. Ko dai ɗayansu ya saɓa ƙa'ida, ko kuma babu ƙa'idar da kowa ya sani, kowane asibiti yana bin abin da tsoro ya koya masa. Na nemi a nuna mini umarnin a rubuce. Ba a nuna mini ba.

Na biyu. Da na ce ni ne mahaifinta, da babu wanda zai tambaye ni shaida. Wani dattijo da ke jinyar matarsa a ɗakin ya faɗa mini haka daga baya, ya ce shi jikokinsa duk "ɗiyana" yake ce musu a asibiti, ba a taɓa tsai da shi ba. Sharaɗin nan ba ya kama mai ƙarya. Wanda ya faɗi gaskiya shi yake kamawa. Haka kuma muryar da anka yarda da ita a waya, babu wanda ya san fuskar mai ita a asibitin nan. Ni da nike tsaye a gabansu, da katin makarantarta da sunana a matsayin mai kula da ita, ba a yarda da ni ba.

Na uku, maganar shekaru. Bara kakarta, mahaifiyata, ta kwanta a asibitin nan da anka ƙi hannuna, anka ce sai an ƙara mata jini. Ina gona lokacin. Saratu ce ke jinya, ita anka miƙa wa takarda ta sa hannu a matsayin dangin majiyyaciya, tana da shekara goma sha shida. Babu wanda ya tambayi shekarunta. Wadda hannunta ya isa a kan jinin tsohuwa, ban gane yadda zai kasa a kan cikinta ba.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ni ma uba ne, ɗiya biyar gare ni na cikina. Ba zan so a kwantar da ɗana a yanka shi ban sani ba, kuma ban ce a bar yara su riƙa yanke wa kansu irin wanga hukunci su kaɗai ba. Haƙƙin uba gaskiya ne, addini ya san shi, al'ada ta san shi. Amma an ba uba haƙƙin nan ne don ya tsare ɗansa. Idan uban yana tsakiyar ruwa, ga wanda ya damƙa wa amana a tsaye, ga mai ciwon da hankalinta tana cewa ta yarda, ga likita ya ce yau ya kamata, ban san wa anka tsare da jiran nan ba. Garban da anka ce ana kare haƙƙinsa kuka ya yi a waya da ya ji abin da jiran ya haifar.

Na huɗu. Yankinmu yankin riƙo ne da tafiya. Masunta suna bin ruwa, matasa suna tafiya cirani, makiyayan garin Giyawa suna tashi da dabbobi wata da watanni. Daga Tursa har bakin gulbin Rima da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da yaro a hannun kaka, ko gwaggo, ko kawu ba. Na shekara talatin ina kiran rajista a aji, na san haka ba sai an faɗa mini ba. Sharaɗin da ya ɗauka kowane yaro ubansa na nan gida ba don mutanen wanga yanki anka yi shi ba.

Wani tsohon ma'aikacin lafiya maƙwabcina ya ce mini ƙa'idar aikin likita ta yarda a ceci rai cikin gaggawa ko babu sa hannun kowa. Ban karanta da idona ba, don haka ba zan rantse a kai ba. Idan haka ne, likitanmu bai sani ba, ko ya sani amma bai amince za a tsaya masa ba idan abu ya ɓaci. Ko wanne ne, gyaransa na hannunka.

Ban nemi a kori kowa ba, ban kuma nemi diyya ba. Ina roƙon a fitar da ƙa'ida ɗaya a rubuce, da Hausa, a manna ta a bangon kowane asibiti, ta faɗi wa ke da ikon sa wa yaro hannu: uba, uwa, mai riƙo, da abin da za a yi idan babu ko ɗaya. Ina roƙon ta faɗi daga shekara nawa ake jin ta bakin mai ciwon kansa, da irin aikin da yardarsa za ta isa. Ina roƙon a ba likitocin karkara tabbaci a rubuce cewa wanda ya ceci rai cikin gaggawa ba za a bar shi shi kaɗai a gaban alƙali ba. Nas ɗin nan 'yar ƙasar Zuru kuwa, idan akwai hanyar yaba wa ma'aikaci, ta cancanta.

Akwai roƙo na ƙarshe. Ita Saratu ta cika sha takwas a watan jiya, wagga wasiƙa ba za ta amfane ta da komai ba. Amma akwai wani maraya a hannuna, Bashiru, ɗan ƙanen matata, shekararsa tara, uwarsa ta rasu, ubansa yana kudu yana gadi. Bayan abin nan na sa uban ya rubuto cewa ya damƙa mini shi, mai unguwa da liman sunka sa hannu a ƙasa. Takardar na cikin leda a aljihun rigata, da ita nike zuwa gona, da ita nike zuwa masallaci. Na kai ta asibitin nan na tambaya ko za a karɓe ta ranar da buƙata ta taso. An ce mini sai ranar ta zo za a gani. Ina roƙon ranka ya daɗe ya ba ni amsa kafin ranar.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare naka ɗiyan daga kwanciyar asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Umaru, kawun Saratu,
daga ƙasar Goronyo.